Akayau Ya Yi Magana Sau Biyu

…sau biyu. Ba kunnensa ba ne. Sau biyu akayau ya yi magana.

Rabo yana zaune bisa kututturen da ke gindin dogon yaro, a filin gidan samariya na Madawa, ƙafar hagu a miƙe, burgami bisa cinya. Gabansa samari goma sha biyu suna rawa. Nasa ne dukansu. Shekara bakwai yana koya musu da ƙafa tsirara, ba ƙarfe ba komai, sai yau maƙeri ya kawo sabon akayau, aka ɗaura wa kowa a idon sawu, don da la'asar kamyo, babbar motar kaya, zai kwashe su zuwa Tawa wurin gasar samariya. Gwaji na ƙarshe ke nan. Sun tashi sama, sun dira — kas… kas.

Sau ɗaya ake yi. Tsallaken ƙorama ke nan: taki uku, ka tashi da dami bisa kai, ka dira bisa ƙafar hagu, ƙarfe ya ce kas, ya yi shiru. Shi ke nan. Wanda ya tsallake ruwa ya tsallake. To wannan na biyun na mene ne? Daga ina?

Ya san shi. Wayyo, ya san shi. Kwankwaso ya sauka kaɗan, diddige ya ja ƙasa, sannan a miƙe… ɗingishinsa ne. Nasa na kansa. Shi suke kwaikwayo. A gaban sarkin samari, a gaban matan da suka leƙo ta kan katanga, da rana tsaka, mutum goma sha biyu suna yi masa tafiyar gurgu, kuma Alƙasim ne a gaba.

Alƙasim!

Hannunsa ya matse bakin burgami. A ciki akwai akayau na Baba Umaru, mutumin Keita, wanda ya koya masa. Baƙin ƙarfe ne, ya sha gumin mutum uku kafin ya zo ƙafarsa. Ba a sayar da shi, ba a aronsa. Mai shi ne ke durƙusawa gaban jama'a, ya ɗaura shi da hannunsa ga wanda ya yarda da ƙafarsa, daga ranar kuwa rawar ta tashi daga gidansa ta koma can. Ya ce yau zai ɗaura wa Alƙasim kafin kamyo ya tashi. Da bakinsa ya faɗa, ranar Juma'a, mutane suna ji. Yanzu fa? Ya durƙusa wa wanda ke yi masa… a'a. A'a.

Alƙasim ɗan dako ne fa. A tashar albasa ya tsince shi, ɗan mutanen Tama, buhu bisa wuya, ya diro daga bayan mota kamar kyanwa, ƙasa ba ta ji shi ba. Wa ya gani? Duk kasuwa ba wanda ya gani sai shi. Ya bi shi har inda yake cin tuwo, ya ce masa ƙafar nan ba ta dako ba ce. Shekara bakwai. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi, a ɗakin wa ya kwanta? Da uban ya zo daga Tama da sanda yana cewa rawa aikin banza ce, wa ya tsaya a ƙofa ya sha zagi? Sakayyar ke nan. Kas… kas.

— duwatsun Keita da hantsi, ƙasa ta fara zafi, karan gero yana sauka bisa ƙwauri. Baba Umaru ba ya ɗaga murya, bai taɓa ba. "Sau nawa na ji?" Biyu, Baba. "Kaza ce kai, da za ka dira kana tono? Sake." Ya sake. "Sake." Damina uku yana sakewa. Ranar da ƙarfe ya ce kas ya yi shiru, tsohon bai ce madalla ba, ya jefar da karan kawai, ya tafi ba akuyarsa ruwa —

Shi bai taɓa dukan ko ɗayansu ba. Ko shi ne kuskuren? Ya ce zamani ya sake, ƴaƴan yanzu ba su ɗaukar kara. Da ya yi dukan, da yanzu…

Sarkin samari yana tafi. Me yake wa tafi? Me ya sani? Ɗan kasuwar goro ne, bai san taki uku daga taki biyar ba. Yana cewa a sake, a sake daga farko. Biba zabiya ta gyara ɗankwali, ta ɗauko waƙa, ƴan amshi suna karɓa: ruwa ya ci hanya, inna tana jira, dami na bisa kai, ba ni ajiye shi. Shi ya tsara wasan nan tun daga tushe, manomin da ƙorama ta tare shi da hatsin uwarsa. Har waƙar shi ya ba Biba, baki da baki, tun da shi bai iya rubutu ba. Abinsa ne. Da abinsa ake yanka shi.

Mutanen Yamai ma haka suka yi masa. Shekara goma sha ɗaya a babbar ƙungiyar rawa ta ƙasa, ɗaki mai madubi tun daga ƙasa har rufi, mutum ya ga kansa duka, har abin da diddigensa ke yi a ɓoye. Ya yi maharbi, ya yi ango, ya yi kura da wutsiyar kaba, yana waƙa yana tsalle numfashi bai yanke ba. Jirgin sama. Garuruwan da sanyinsu ke shiga haƙori. Sunansa a takarda bisa bango, sai an nuna masa da yatsa an ce ga ka nan. A can ake kashe fitilu, a bar guda ɗaya a kansa, mutum dubu su yi tsit don su ji ƙarfen nan ya ce kas. Sau ɗaya. Har ana jin numfashinsu bayan nan…

— dandamalin katako a wani gari na bakin teku, iska mai gishiri, katako ɗaya ya sha ruwa. Ya tashi lafiya. Da ya dira sai ya ji kamar an karya busasshen kara, amma a cikin jikinsa. Saura tsalle biyu. Ya yi su. Wane wawa ne ke yin su? Shi. Don Baba Umaru ya ce ba a ajiye dami a tsakiyar ruwa —

Shugaban ƙungiya ya zo gaishe shi sau ɗaya, da lemo a takarda. Kwana takwas, wani ya sa rigarsa. Ko hannun rigar ba su rage ba, haka ya ji. Da aka dawo da shi gida, a asibitin mishan, Susana mai ɗaurin ciwo ta taɓa gwiwar nan, ta dube shi, ta ce tafiya za ka yi, malam, in Allah ya yarda, amma rawa sai dai ka ba da labarinta. Mace mai gaskiya. Ita kaɗai ta faɗa masa magana a fuska, kuma bai taɓa komawa ya gaishe ta ba.

Duk cikinsu mutum ɗaya ne bai juya masa baya ba. Ga shi can gindin katanga, ganga a rataye, kai a sunkuye, gula tana tashi tana sauka. Jima. Shekara ashirin da biyar yana yi masa kiɗi, tun Keita. Ya bar Yamai, ya bar ɗakinsa mai lantarki, ya biyo gurgu zuwa Madawa a bayan motar albasa. Da aka tambaye shi dalili ya ce gangarsa ƙafa ɗaya ta sani. To Jima yana ganin abin da ake yi yanzu? Yana gani ya ci gaba da kiɗi? Me ya hana shi ya jefar da gula, ya ce kai, ƴan banza, wa kuke wa…?

Ga su nan sun zo wurin. Taki ɗaya, biyu, uku. Wannan karon ba ƙafa zai duba ba, fuska zai duba. Mai izgili ba ya iya riƙe bakinsa, dole leɓe ya motsa, dole ido ya nemi ɗan'uwansa. Zai kama wanda ya fara. Zai tashi, ko da sanda ne, ya…

Kas… kas.

Ba wanda ya yi murmushi.

Alƙasim — gumi har cikin ido, haƙora a dantse, dami bai ko girgiza ba. Da ya miƙe sai ya saci kallon gindin dogon yaro, kallon nan dai na kullum, na mai tambaya: Maigida, na yi daidai? Wannan ba fuskar mai dariya ba ce. Fuskar mai tsoro ce. Na bayansa ma haka. Na ƙarshen layi, Bala, ɗan Galma, wata biyu ke nan da shigowarsa, bai taɓa ganin Rabo a tsaye cikin fili ba, don tun bara gwiwar ta zaunar da shi. A wurin Alƙasim ya koya. Shi ma kwankwaso ya sauka, diddige ya ja, ya miƙe. Daidai wa daida. Da kulawa. Kamar mai zuba nono kada ya zube.

To… in ba izgili ba ne…

Shi a gaba, su a baya. Haka Baba Umaru ya yi masa, haka ya yi musu. Ba a koyar da rawa da baki, ka duba ƙafata ka yi abin da ta yi. Shekara shida yana gabansu, bayansa suke gani, ba madubi a Madawa. Sun duba ƙafar. Sun yi abin da ta yi. Wanene cikinsu ya san ta kafin teku? Ba ko ɗaya. Su a wurinsu haka rawar take, haka kakanni suka bar ta, da saukar kwankwaso da jan diddige. Wataƙila ma nan ne suka fi shan wuya. Wataƙila Alƙasim ya yi wata da watanni yana koyon yadda mai ƙafa lafiyayya zai ja ta kamar ta karye…

Amma ai yana juyowa ya dube su. Kullum yana juyowa. Ina idonsa yake? Yana kan kafaɗa, yana kan dami, yana kan layi ko ya karkace. Ƙafa kuwa kunne ke duba ta, haka aka koya masa, kuma ba ƙarfe, sai ganga. Ganga kuwa kullum cewa take daidai ne. In ƙafa ta yi kuskure ganga ke tona ta, sai ka ji taki ya faɗa rami. Bai taɓa jin rami ba. Shekara bakwai bai taɓa…

Saurara.

Gula ta sauka da ƙarfi wurin dirar. Sannan — can ƙasa-ƙasa, da yatsun hagu, a bakin fata — wani ɗan bugu. Ƙarami. Kamar mai shimfiɗa wa baƙo tabarma. Daidai inda diddige ke ja.

Wannan bugun babu shi a Keita. Babu shi a Yamai.

— ranar farko a filin nan, katangar ma ba a gama ta ba. Ya ɗaure gwiwa da tsumma, ya ce wa samari ku duba. Taki uku, ya tashi, ya dira. Ganga ta tsaya. Ya waiwaya. Jima yana dubansa, baki a ɗan buɗe, kamar zai yi magana. Sai ya sunkuya, ya ja igiyar ganga, ya ce fata ce ta saki, Rabo, sake. Ya sake. Kiɗi ya karɓe shi kamar ruwa. Har ya ce a ransa ashe Susana ƙarya ta yi —

Fata ce ta saki.

An tsaya shan ruwa. Samari sun yi wajen randa, ƙarfe yana ta surutu a ƙafafunsu. Jima ya taho gindin itacen, ya zauna a ƙasa kamar yadda ya saba, yana matse igiya, bai ɗago ba.

"Jima. Tun yaushe?"

Bai ce tun yaushe me ba. Ko wannan bai yi masa ba.

"Tun ranar da ka sani."

"Ba ka faɗi ba."

"In na faɗi, mi za ka yi? Ka tai kasuwar Madawa ka sayo gwiwa?" Ya tofar da goro gefe. "Da ka shiga ɗaki ka rufe, tsoho, da yanzu mun yi sadakar bakwai ɗinka mun manta. Ni na san ka."

Ya tashi da gangarsa. Shi ke nan maganar. Shekara bakwai, shi ke nan maganar.

Mutanen Yamai da rana suka yi masa, yana gani, ya tofa musu yawu ya wuce. Wannan kuwa a kwano ɗaya suke ci. Kowace safiya, ina kwana Rabo, ina gajiya, sannan ya rataya ganga ya yi masa ƙarya da yatsu uku. Ana cewa in kiɗi ya sake rawa ma sai ta sake. Wa ya taɓa jin kiɗi ya bi gurgu yana share masa sawu? Makaɗi fa shi ne shaida. Aikinsa ke nan. Baba Umaru ya ce masu rawa suna tsufa, suna mantuwa, suna ƙarya, ganga ce ba ta yi. A hannun Jima ya bar ta, yana kwance, kwana biyu kafin ya cika: kai ne za ka riƙe masa ita. Riƙon ke nan?

Tausayi. Abin da zai kira shi ke nan, tausayi. Wa ya roƙe shi? Da ya bar shi ya faɗa ramin tun ranar farko, gaban yaran, ya ji kunya sau ɗaya… da ya zauna bisa kututturen nan ya nemo wata dabara, ya sa maƙeri ya ƙera ƙarfe tun a lokacin, ya koya musu da kunne, da kara, da…

Da ya yi? Ko da ya shiga ɗaki ya rufe?

A'a. Ba wannan ba ce maganar. Ba a tambaye shi ba, ita ce maganar. An yanke masa hukunci kamar yaro, kamar mara lafiyar da ake ɓoye wa sunan ciwonsa. Yana ta yawo cikin gari ana ce masa maigidan rawa, yana ɗaga kai, ashe ciwonsa yake rabawa gida-gida. Alƙasim yana zuwa Tama ran kasuwa, yana koya wa samariyar can. Yana zuwa Buza. Bara har mutanen Keita suka aiko a koya musu, Keita, inda abin ya fito, don tsofaffinsu sun ƙare. Yanzu a bisa duwatsun nan, kusa da kabarin Baba Umaru, akwai yara masu ƙafa lafiya suna jan diddige, suna cewa rawar kakanninmu. Gobe a Tawa za a ɗauka a rediyo. In ta shiga rediyo ta zauna ke nan. Katako ɗaya mai ruwa, a garin da ba su san sunansa ba, shi dukan ƙasar Adar za ta riƙa tunawa da ƙafa…

Saura mutum nawa a Adar da suka ji shi sau ɗaya? Biyu. Ɗaya maƙaryaci, ɗaya gurgu.

Ana iya gyarawa. Me zai hana? Ya hana akayau ɗin yau. Ya ce a sauke kaya daga kamyo, ba inda za a je, a koma farko, damina uku in ta kama. Sarkin samari zai yi ihu, ya yi. Alƙasim zai dube shi… Ya ce masa me? Abin da na ba ka shekara bakwai ba shi ba ne? Wahalar da ka sha, ciwona ka haddace? Sai ya ce to Maigida, nuna mini na gaskiyar. Dole ya ce haka. Ba a koyar da rawa da baki.

Tsalle ɗaya. Ɗaya tak. Ya ɗaura ƙarfen Baba Umaru, ya tashi, ya dira bisa hagu ya hana ta motsi, ko da daga nan sai a ɗauke shi a kan ƙyaure. Su ji shi sau ɗaya da kunnensu. Ya taɓa yin biyu da karyayyar gwiwa, ɗaya zai gagare shi? Sai dai ya fara jin sa a kai tukuna. Haka ake yi, kunne ke tafiya gaba, ƙafa ta bi. Ya rufe ido.

Keita. Hantsi. Baba Umaru da kansa, zane ɗaure a gindi, dami bisa kai. Taki ɗaya, biyu, uku, ya tashi, dogo, kamar ba zai sauko ba, ya dira —

kas… kas.

A'a. Sake. Ɗakin madubi, shi kansa, shekara talatin, fitila ɗaya a kansa, mutum dubu sun yi tsit. Ɗaya, biyu, uku —

Kwankwason na cikin madubi ya sauka.

Sake. Sake mana. Ina shirun yake? Akwai shiru bayan ƙarfen, ya san akwai, mai faɗi, har ana jin numfashin mutane a cikinsa, a nan rawar take duka… Ya laluba, ya laluba. Ko'ina ya sa kunne, yatsun Jima suna can sun riga shi.

Shofer, direban kamyo, yana danna oda a bakin hanya. Mata suna miƙa ƙullin kaya sama. Fili ya yi tsit, an yi da'ira, sarkin samari ya gyara hula. Wani ya tsaya a gabansa ya tare masa rana. Alƙasim ne. Ya kwance akayau na maƙeri ya ajiye gefe, ya wanke ƙafarsa har ƙwauri, ruwan bai bushe ba. Ya rusuna.

"Maigida… ga ƙafar."

Ta hagu ya miƙo. Lafiyayya, ba tabo ko ɗaya.

Burgami a buɗe yake, bai san lokacin da ya buɗe shi ba. Baƙin ƙarfen yana hannunsa, da sanyi, igiyar fatar ta yi laushi don tsufa. Can gindin katanga Jima ya ɗaga gula yana jira, wannan karon ya ɗago kai, yana dubansa ido cikin ido. Ya ɗaura? Ya mayar? Bai sani ba. Jikinsa dai ya fara sauka daga kututturen, don ko me zai faɗa wa yaron nan, ba daga sama zai faɗa masa ba. Gwiwar dama ta taɓa ƙasa, ƙarfen da ke hannunsa ya ce kas.

Ya tsaya nan, rabi a durƙushe, yana riƙe numfashi, yana riƙe gwiwarsa ta hagu a sama… ga shirun. Ga shi nan. Ashe haka yake…

Ta hagun tana rawa. Ba za ta daɗe ba.